RINI DA ƘARFE A ZAMFARA TA AREWA: TARIHIN LAUNI DAGA KASHIN MAƘERA ZUWA GORAN-RUWA

Gabatarwa

Tun zamanin da Bahaushe ya san rini, ya kuma san ƙira, amma bai taɓa haɗa su cikin rumfa ɗaya ba. Marini ya kan rina zare da saƙi, baduku ya kan rina fata, mata kuma su kan rina kabar da za su yi tabarma da faifai. Ba a taɓa jin manomi ya saɓi gatarinsa ya nufi marina da shi ba. Dalili kuwa a fili ya ke: ƙarfe ba ya shan ruwa, abin da ba ya shan ruwa kuwa ba ya shan baba. Duk da haka, yau a kasuwannin ƙasar Hausa a kan ga waɗansu kofuna da faranta, da jikin tocila da na wayar hannu, ja ko shuɗi ko ruwan zinariya, waɗanda launinsu rini ne na sosai, ba fenti aka shafa musu ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun yadda aka zo nan, a kuma dubi al'amarin daga yankin Moriki da maƙwabtanta, watau Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda hanyoyin fatauci na da da hanyar jirgin ƙasa suka gamu. Za a nemi shaida daga wuri biyu: daga aikin masu sana'a, da kuma daga kalmomin da suka bar wa harshe.

Ƙasar da hanyoyinta

Moriki tana bisa hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi, cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi ta Jihar Zamfara, jihar da aka yanko daga ta Sakkwato a 1996. Sarkin garin Sarkin Burmi a ke ce masa. Ƙasa ce ta gulabe, ga Gagare ga Bunsuru, waɗanda ruwansu ke gangarawa zuwa gulbin Rima. Arewa maso yamma da nan, a ƙasar Isa da Sabon Birni ta yau, aka yi Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a tsakiyar ƙarni na 18 zamanin Sarkin Gobir Babari, da kuma Alƙalawa, wadda ta faɗa hannun masu jihadi a 1808.

Babbar hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato ta wannan yanki ta ratsa. Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 sa'ad da ya ke tafiya Sakkwato, Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno. Duk hajar da ke yawo tsakanin waɗannan birane, mutanen wannan yanki sun gan ta, sun kuma taya.

Abu biyu suka sa yankin ya dace da wannan bincike. Na farko, yana tsakiyar ƙasar jar akuya, wadda a ke kira ta Sakkwato a Nijeriya, ta Maraɗi a Nijar. Fatarta ce, bayan an jeme an rina, a ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko domin ta can ta ke isa gare su. Na biyu, jan ƙarfe ya daɗe yana shigowa daga arewa. Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka Takedda a 1353, ya ba da labarin yadda a ke narka jan ƙarfe a can a zuba shi sanda-sanda, a kai shi Gobir da Barno. Fata da ƙarfe ke nan a kasuwa ɗaya, shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa.

Abin da harshe ya nuna

Daga aikatau rina aka samo marini, da jam'insa marina, da kuma marina wurin aikin. Waɗannan biyu na ƙarshe rubutunsu ɗaya, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Haka ƙera ta ba da maƙeri da maƙera, jema ta ba da majemi da majema. Amma abin lura yana ga siffar da F. W. Parsons, cikin tsarin aikatau da ya fitar a 1960, ya sa a aji na bakwai, watau rinu. In an ce zane ya rinu, ana nufin ya sha rini sosai. In kuwa an ce abu ba ya rinuwa, ana nufin rini ba shi yiwuwa gare shi ko da an yi ƙoƙari. A wajen Bahaushen da, ƙarfe yana cikin abubuwan da ba su rinuwa.

Hausa ta raba launin da ya shiga jiki da wanda ya tsaya a baya. Na farko a kan ce abu ya sha shi: ya sha baba, ya sha lalle. Na biyu kuwa shafa shi a ke yi, kamar yadda a ke shafa farar ƙasa ga bango. Da fenti ya zo, kalmar aro daga Ingilishi wadda aka juya p ɗinta ta zama f aka kuma ƙara mata wasali a ƙarshe, sai ya faɗa rukuni na biyu, aka ce shafa fenti. Karin maganar nan da ke cewa a rina, wai an saci zanen mahaukaciya, ya tsaya ne bisa sanin cewa rini yana sāke abu har mai shi ya kasa shaida shi.

Su kansu ƙarafa da launi aka raba su: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, farin ƙarfe. Da launi kuma aka raba masu aikinsu, aka sami maƙeran baƙi masu yin fartanya da gatari da lauje, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, kamar yadda Philip Jaggar ya bayyana cikin littafinsa game da maƙeran birnin Kano na 1994. A bakin Zamfarawa, inda f ta kan zama h ko hw, ƙarhe da hwata da hwari za a ji, amma rabon iri ɗaya ne. Ke nan a ganin mutanen da launin ƙarfe shi ne asalinsa, shi ne sunansa, ba riga ba ce da za a tuɓe masa a sa wata.

Waɗansu sunayen kuma su na nuna hanyar da kayan suka biyo. Azurfa daga harshen Buzaye ta zo. Tasa da tutiya daga Larabci. Sinadari ma daga Larabci ya ke, asalinsa sunan wani farin gishiri ne, nushadir, wanda maƙeran fari ke amfani da shi wajen liƙi. Yau kalmar ta yi faɗi har ta ɗauki duk wani abin haɗi na kimiyya, mutane da yawa ba su ma san gishirin da ya ba ta sunan ba.

Yadda ƙarfe ya rina fata

Ko da ya ke ba a rina ƙarfe ba, shi ƙarfen ya daɗe yana rina waɗansu abubuwa. Launuka huɗu suka fi yawa a rumfar dukawa: ja, rawaya, baƙi, da tsanwa. Biyu na farko daga tsiro a ke samun su. Ja daga karan dafi, watau wata irin dawa da a ke nomawa domin jan ɓawon da ke lulluɓe da karanta, a daka shi a jiƙa da ruwan kanwa ko na toka. Rawaya kuwa daga saiwar tsiron da ya ba launin sunansa, ko daga gangamau. J. M. Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan tsirrai cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa a 1916.

Sauran biyun daga maƙera su ke fitowa. Baƙin rinin fata shi ne kuloko. A kan samo kashin maƙera, watau dattin da ke saura in an narka tama ko an yi ƙira, ko kuwa tsofaffin guntayen ƙarfe masu tsatsa, a jiƙa su cikin ruwa tare da wani abu mai zaƙi ko mai tsami, a rufe a bar su kwana da kwanaki. Ruwan da za a tsiyaye ba baƙi ba ne sosai. Amma da zarar baduku ya zana shi bisa jemammiyar fata, nan take wurin ya kan yi baƙi ƙirin. Asirin yana cikin jimar. Da bagaruwa a ke jima, 'ya'yan bagaruwa kuwa cike su ke da wani abu mai bauri wanda ke kama fata ya hana ta ruɓa. In wannan abu ya gamu da narkakken ƙarfe sai su haifi baƙin launi a cikin fatar kanta. Da irin wannan haɗi Turawa suka yi tawadar rubutunsu ɗaruruwan shekaru, sai dai su daga wani ƙullutu da ke fitowa jikin itacen ƙasarsu suka sami baurin.

Tsanwa kuwa daga jan ƙarfe ko tagulla ta ke. A kan goge ƙarfen da magagari, a tara garin, a haɗa shi da sinadari, a bar shi ya ci, har ya fid da irin koren nan da a ke gani jikin tsohuwar tasa. Fatar da aka yi wa wannan launi tana da tsada, shi ya sa a ke yanka ta siri-siri a yi ado da ita bisa ja. Dukawan Buzaye na Agadas sun daɗe suna sayen irin wannan fata daga Kano domin jakunkunansu da kayan raƙumi.

Har masu bugu ma sun nemi kamannin ƙarfe. Turkuɗin da aka san Kura ta ƙasar Kano da shi, bayan an rina shi a kan ƙara masa shuni a buge shi da tabarya bisa gungume, har ya riƙa walƙiya kamar gogaggen jan ƙarfe. Tufa ta ari ƙyallin ƙarfe tun ƙarfe bai ari launin tufa ba.

Dabarun maƙera

To, maƙerin da ke son aikinsa ya yi launi, yaya ya kan yi? Hanya huɗu ya ke da su.

Ta farko ita ce wuta. In an goge baƙin ƙarfe ya yi fari aka mai da shi kusa da garwashi, ya kan soma yin ruwan busasshiyar ciyawa, sa'an nan ya yi ja-ja, daga nan ya koma shuɗi. Masana sun auna sun ga launin farko yana fitowa wajen digiri 230, shuɗin kuwa wajen digiri 300. Wata 'yar siririyar tsatsa ce ke hawa bisa ƙarfen, kaurinta ne ke sāke yadda haske ke dawowa ga ido. Maƙeri da waɗannan launuka ya ke gane lokacin da bakin wuƙa ya yi daidai, bai yi taushi ba bai kuma yi gautsi ba. In kuma an shafa mai ga ƙarfe yana da zafi, man ya ƙone a jikinsa, ya kan yi baƙi ya kuma jima bai yi tsatsa ba.

Ta biyu ita ce haɗa ƙarafa masu launi dabam-dabam. Maƙeran fari su kan liƙa jan ƙarfe da tagulla bisa ƙotar takobi, ko su murɗa su tare su yi munduwa. Azurfarsu kuwa yawanci daga liyari ta ke, watau kuɗin nan na ƙasar Ostiriya mai hoton Mariya Tereza, wanda aka yi ta bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, su narka shi su yi zobe da warwaro.

Ta uku ita ce zāne da gogewa, a sassaƙa fuskar tasa ko likkafa domin haske ya riƙa wasa a kanta.

Ta huɗu, wadda ta fi kowace yawa, ita ce a miƙa wa baduku. Barth, wanda ya zauna Kano a 1851, ya ga ana shigo da ruwan takuba masu yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus, a nan a ke yi musu ƙota da kube. Takobi da wuƙa da linzami duk a rumfar dukawa su ke samun ja da baƙi da tsanwa. Watau launin da ƙarfe ya ba fata, shi fata ke komowa ta lulluɓe ƙarfe da shi.

Zuwan galura da fenti da langa

A 1856 wani saurayi Baturen Ingila, William Perkin, yana da shekara 18, ya fid da rini na farko daga kwaltar gawayin ƙasa. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya soma sayar da shunin da aka haɗa a ma'aikata, ba tare da ganyen baba ko ɗaya ba. Waɗannan rinunnuka su Hausawa suka sani da sunan galura. Suna da araha, ba su bukatar a noma su, ga kuma launuka iri-iri. Sannu a hankali suka ture karan dafi da rawaya daga rumfuna da yawa.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau kuma ya isa Ƙauran Namoda a 1929, a nan ya tuƙe. A wancan zamani daga wannan tasha gyaɗa da auduga da kiraga ke tafiya kudu, ta nan kuma hajar kanti ke sauka, fatake su ɗauka su bi da ita Moriki da Shinkafi da Zurmi. Jirgi ya kawo wa maƙera tsofaffin ƙarafa masu araha, har narkar tama ta yi ta ja da baya ta mutu. Da mutuwarta kashin maƙera irin na da ya yi wuyar samu.

Cikin hajar da ta sauka akwai ƙarfe mai launi iri biyu, waɗanda mutane ba su cika rarrabewa ba. Akwai mai fenti, kamar akwatin ƙarfe da gadon ƙarfe da keke. Fenti garin launi ne da aka dama da mai ko wani abu mai danƙo, ya bushe ya kama bayan ƙarfe. Akwai kuma langa da fanteka da daro, waɗanda abin da ke jikinsu niƙaƙƙen gilashi ne aka shafa, aka gasa cikin wuta mai zafin kamar digiri 800 har ya narke ya manne. Da fari daga Turai da Japan da Honkon a ke kawo su, daga wajen 1960 kuma aka kafa ma'aikatunsu a Ikko da Kano.

Mata ne suka fi karɓar wannan baƙon abu. Jeren amarya, wanda da ƙwarya da akushi da tasa ne, ya koma na kwanoni masu furanni, a jera su tun daga ƙasa har rufin ɗaki. Kalmar kwano ita ma ta yi faɗi, ta haɗa da na cin abinci, da na ɗaukar ƙasa, da na rufin gida. Amma ba da daɗewa ba kowace uwargida ta gane aibin abin: in langa ta faɗi ta ɓantare, tsatsa ta sami ƙofa ke nan, daga nan sai huda. Fenti ma haka, rana da damina su kan sa ya kumbura ya saɓule. Launin da aka shafa yana da ranar rabuwa da mai shi.

Ƙarfen da ya rinu

Goran-ruwa, wanda waɗansu ke kira sanholo, baƙo ne ko a Turai. Sai a 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa da kansa, suka gano hanyar fid da shi da ƙarfin lantarki, sa'an nan ya yi araha. Wannan ƙarfe yana da wata ɗabi'a. Da zarar iska ta taɓa shi ya kan yi tsatsa, amma tasa tsatsar ba ja ba ce, ba ta kuma marmashewa. Garai-garai ta ke kamar gilashi, ga tauri, ta kan manne masa ta hana iska isa ga na ciki.

A 1923 Bengough da Stuart a Ingila suka fid da dabarar ƙara wa wannan tsatsa kauri da gangan, domin kare sassan jiragen sama masu sauka bisa teku daga cin ruwan gishiri. A 1927 Gower da O'Brien suka yi rajistar hanyar da aka fi bi har yau, wadda ke amfani da ruwa mai tsami irin wanda a ke kira ruwan batir. A kan wanke ƙarfen tas, a rataya shi cikin wannan ruwa, a bi da lantarki ta jikinsa. Tsatsar sai ta yi ta tsirowa daga ƙarfen kansa har kaurinta ya kai kashi 5 zuwa 25 cikin 1,000 na milimita, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. In aka duba ta da madubin ƙara girma mai ƙarfi, a kan ga cike ta ke da 'yan ramuka a jere kamar saƙar zuma. To, a nan rini ya sami ƙofa. A kan tsoma ƙarfen cikin ruwan galura, ramukan su sha, sa'an nan a dafa shi cikin tafasasshen ruwa, bakin ramukan ya kumbura ya toshe, launin ya kulle a ciki.

Mai karatu zai ga wannan ya yi kama da aikin karofi, inda shuni ke narkewa cikin ruwan toka ya shiga zare, iska ta buge shi ya daskare a ciki ya kasa fita. Zai kuma ga zaren da ya ɗinke wannan tarihi duka. Kuloko daga tsatsar baƙin ƙarfe ya ke. Tsanwa daga tsatsar jan ƙarfe. Shuɗin da wuta ke ba wuƙa siririyar tsatsa ce. Rinin goran-ruwa kuma tsatsarsa ce ke shan shi. Saboda haka maganar mutanen da ba ta faɗi ba sarai: har yanzu tsurar ƙarfe ba ya rinuwa, tsatsarsa ce ke rinuwa.

Rini ya fi fenti ta fuska uku. Ba ya saɓulewa, domin daga jikin ƙarfen ya tsiro. Ba ya ɓoye ƙyallin ƙarfe. Ba ya kuma ƙara kauri da zai hana murfi rufuwa. Amma yana da iyaka. Galura ta kan koɗe in ta daɗe a rana, shi ya sa goran-ruwan da a ke yin taga da ƙofa da shi a kan ba shi launi da gishirin ƙarafa kamar kuza maimakon galura. Kanwa da toka su na cin wannan tsatsa, abin da ya kamata kowace mai girki ta sani. Tukwanen da maƙera ke zubawa daga narkakkun tarkacen injuna, sana'ar da ta yaɗu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba su karɓar rini da kyau, domin ƙarfensu gauraye ne. Baƙin ƙarfe kuwa ba ya yin irin wannan tsatsa ko kaɗan, don haka ƙofar ƙarfe da akwati har gobe sai fenti.

Dalma

Zaɓi tsakanin rini da fenti bai tsaya ga ado ba. Fenti iri-iri, musamman jan da a ke fara shafa wa ƙarfe domin tsatsa, da rawaya mai haske, an daɗe ana haɗa su da dalma. In fentin ya tsufa ya zama ƙura, yara su kan haɗiye ta, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro taɓin da ba ya warkewa. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita farar dalma a fentin cikin gidaje, Amurka kuma ta hana dalma a fentin gida a 1978.

Zamfara ta san dalma sanin da ba a fata. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun zinariya masu dalma da a ke niƙawa cikin gidaje. Wannan ba daga fenti ya zo ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta jiki kuma ɗaya, watau ƙura da hannun yaro. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya kuma nuna tukwanen da a ke zubawa daga tarkace su na iya sakin dalma cikin abinci. Rinannen goran-ruwa na ma'aikata ba ya bukatar irin wancan fenti, sai dai shi ma aikinsa yana barin ruwa mai tsami wanda tilas a kashe kaifinsa kafin a zubar. Makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983 ita ce wurin da ya dace a koyar da irin wannan aiki da ƙa'idodinsa.

Kammalawa

Akwai wata hasara kuma da ba a cika ƙidayawa ba. Ilmin kuloko da tsanwa ba a littafi ya ke zaune ba, a hannun tsofaffin dukawa da maƙera ya ke, kasuwa ce kuma ke riƙe da su. Rashin zaman lafiya da ya addabi Zurmi da Shinkafi da kewayensu ya tarwatsa ƙauyuka da yawa, har a 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Duk sa'ad da mai sana'a ya yi ƙaura ya bar rumfarsa, kalmominsa su kan bi shi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana da yawa, amma ƙamus suna ya ke riƙewa, ba ya riƙe awon gari da yawan kwanakin jiƙo.

Malaman kwalejojin horon malamai su na da abin yi a nan wanda ba ya cin kuɗi. Ɗalibin da ya fito daga Moriki ko Badarawa ya na iya zama da badukun unguwarsu in ya je hutu, ya rubuto sunayen kayan aiki da matakan aikin da lafazin wurin, ba tare da ya juya su zuwa Kananci ba. A cikin aji kuma, 'yan ƙusoshi masu tsatsa da aka jiƙa cikin ruwan tsamiya, da jiƙon bagaruwa a wani kofi, sun isa: in aka haɗa su gaban yara ruwan zai yi baƙi, darasin kimiyya da na tarihi da na Hausa su fito daga kofi ɗaya. Masu shirya ƙamus na gaba kuma sai su duba ko lokaci ya yi da za a shigar da rinannen ƙarfe ƙarƙashin rina, tare da bayanin cewa goran-ruwa a ke nufi.